Talatar Doña Herminia

Wayar dutsen guga ce ta leƙo ta gefen zif ɗin akwati na uku, kamar jelar ɓera. Maigidan, Don Eleuterio, ya gan ta yana wucewa da kofin gahawa a hannu. Ya tsaya, ya dube ta, ya wuce. A shafi na bakwai na ɗan littafin da kamfanin jirgin ruwa ya aiko musu an rubuta cewa ba a shiga da dutsen guga, ba a shiga da wuƙa, ba a shiga da kwalbar giya. Ya san duka ukun suna cikin akwatin nan, har da turmin daka tafarnuwa. Amma ba shafi na bakwai ne ya hana shi cin abinci tun jiya ba. Shafi na farko ne.

Shafi na farko ya ce jirgi yana ɗaukar fasinjojinsa a La Romana ranar Asabar, ana rufe ƙofa ƙarfe bakwai na yamma. Yau Asabar. La Romana kuwa tana can ɗaya gefen ƙasar, sai an canja mota a babban birni, kuma motar ƙarshe da za ta iya kai mutum a kan lokaci tana barin garinsu, Puerto Plata, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Matarsa, Doña Herminia, ta ce Talata.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana yi wa matan jirgi kitso a rumfarta da ke bakin tashar jiragen ruwa. Duk Talata da ƙarfe takwas wannan jirgin yakan iso, fari fat, kamar an ɗauko unguwa guda da benayenta an ɗora a kan ruwa. Ya zubo mutane jajur da rana, su sayi sarƙar wuri, a yi musu kitso, da la'asar ya kwashe abinsa ya tafi. To da 'yarsu Yudelka, wadda ke aikin jinya a Nueva York, ta saya musu tikitin mako guda don cikar aurensu shekara arba'in, Herminia ta dubi hoton da ke bayan littafin, ta gane jirgin, ta yanke hukunci tun kafin ta buɗe shi.

Ya same ta a kicin tana dama dafaffiyar agada da man shanu.

"Minia," ya ce. "Yau fa Asabar."

"Na sani, Telo. Gobe kuma Lahadi. Zauna ka ci."

"Takardar nan ta ce a La Romana ake shiga."

"Jirgin da ke zuwa ƙofar gidana duk mako, shi zan bi awa shida a mota in nemo? Bas ɗin Sosúa ma, ko a tsakiyar gona ka ɗaga hannu tsayawa take yi. Balle abin da na biya."

"Yudelka ce ta biya."

"Wa ya haifi Yudelka?" Ta ajiye masa faranti. "Takarda ai don baƙi ake rubuta ta, waɗanda ba su san kowa ba. Kai baƙo ne? Nicanor yana ƙofar tashar nan shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe 'yarka ranar baftisma, shi ya sa ya zama kompadrenka. In kompadrenka bai shigar da kai jirgi ba, me zai tsinana maka a duniya? Ya ce an gama. Ci abinci."

Telo ya ɗauki cokali.

Shi masunci ne, ko da yake gwiwoyinsa sun yi masa ritaya shekara uku da suka wuce. Shekara arba'in ya yi a ɗan kwalekwale mai inji, kuma sau da yawa yana dawowa da safe sai jirgin nan ya wuce ta gefensa, igiyar ruwansa ta ɗaga shi ta sauke kamar ɓawon gyaɗa. Yakan ɗaga kai. Can sama, a hawa na goma sha biyu, mutane ƙanana kamar ƙudaje suna riƙe da kofuna suna ɗaga masa hannu. Bai taɓa jin haushinsu ba. Abin da ya riƙa tambayar kansa shi ne yadda teku take idan an dube ta daga can. Ko ana ganin duwatsun da yake kafa komarsa? Ko ruwan yana canja launi a wurin da shi ya san yana canjawa? Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ba maganar da namiji zai yi a teburin wasan domino ba ce. Amma tun da littafin ya zo ya karanta shi sau tara, da tabarau da fensir. Ya san lambar ɗakinsu. Ya san ɗakin ba shi da taga. Ya san hanyar da zai bi daga can zuwa hawa na goma sha biyu.

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci majalisa ta hallara a tsakar gida. Ba jirgi a tasha ranar, saboda haka Ondina mai sarƙar wuri da Casilda mai riguna suka rufe rumfunansu suka zo. A cikin su ukun babu wadda ƙafarta ta taɓa taka matakalar jirgi, amma babu lungun cikinsa da ba su sani ba, domin mace idan aka danne kanta awa biyu ana kitso, ba abin da ba ta faɗa.

Ondina ta zazzage robobi goma sha biyu masu murfi a kan tebur.

"Abinci kyauta ne, dare da rana," ta ce. "Wata Bajamusa ta gaya mini da bakinta, ranar farko da wando ta shiga, ranar ƙarshe sai da ta sayi zanen ɗaurawa a wurin Casilda. Ki cika waɗannan. Jatan lande a manya, kek a ƙanana."

"Zai lalace kafin mako," in ji Telo daga bakin ƙofa.

"Wa ya ce ba firji a jirgi, Don Telo? Wurin da ke da gidan rawa uku?"

"Maganar amai kuma," in ji Casilda, "ki naɗe jarida a ciki, ƙarƙashin riga, ki riƙe lemun tsami a hannun hagu. Haka ƙanwar mijina, Allah ya ji ƙansa, ta je Samaná ta dawo ba ko tashin zuciya."

"A mota ta je Samaná."

"Ciki ai bai san bambanci ba." Casilda ta juya masa baya. "Abu mafi muhimmanci, Minia, kar ki gaishe da kowa. Mutanen jirgi ba sa gaisuwa. In an yi miki magana ki ɗaga tafin hannu haka, ki yi murmushi ba haƙori, ki ce a'a na gode, ƙafarki kar ta tsaya. Kamar dai yadda suke yi mana. Tashi mu gani."

Herminia ta sa malafa mai faɗin faifai da baƙin gilashi, ta taho daga wajen kejin kaji. Ondina ta tare ta da murfin roba.

"Madam, sarƙa mai kyau, madam, araha, don ke kawai."

Herminia ta ɗaga tafin hannu, ta wuce ta kamar turken lantarki.

Ondina ta daɗe tana kallon bayanta. "Kai, ta iya. Har na ji zafi."

Daga nan aka shiga tsarin Talata. Litinin da yamma gyaran gashi. Talata ƙarfe tara a taru a rumfar Herminia. Makaɗan unguwa, mai ganga da mai akodiyon, su shige gaba, akwatuna uku a baro, sannan ita cikin koriyar riga mai walƙiya, sannan matan kasuwa, sannan Telo. Idan ta hau sama za ta fito baranda ta ɗaga musu farin hankici. Telo ya tuna ɗakinsu ko taga ba shi da ita, balle baranda.

Ya zagaya bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya kira Yudelka. Ta ɗauka da muryar wadda ta kwana a tsaye.

"Baba, ku ce mini kuna tashar mota."

"Muna gida. Ana koyon tafiya."

"Sau biyu na kira kamfanin. Sun ce wanda bai shiga yau ba an soke sunansa, ba ruwansu da kompadre. Na gaya wa Mama, ta ce in ji da marasa lafiyata. Baba, sau ɗaya a rayuwarka ka buga tebur."

"Teburin na roba ne, 'yata."

"Ba wasa nake ba. Ni na ga yadda kake kallon jirgin nan tun ina ƙarama. Ka ɗauka don rigar Mama na yi wata huɗu ina karɓar aikin ƙarin lokaci?"

Bai san ta lura ba. Ya tsaya yana kallon wani ruɓaɓɓen mangwaro a ƙasa har ta ce, "Baba, kana ji na?" Ya ce yana ji. Agogo ya ce tara da kwata.

Nicanor yana inda ake samunsa duk ranar hutu, gaban shagon da ke kan kwana, yana buga domino kamar teburin ya yi masa laifi. Telo ya ja shi gefe, bayan tarin akwatunan lemo.

"Kompadre, tsakaninka da Allah. Za ka iya shigar da mu ranar Talata?"

Nicanor ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Kompadre, sanda nake ɗagawa. Mota ta zo in ɗaga, ta wuce in sauke. Bayan sandata akwai ƙofa uku, kowace da na'urar da ke duba kati, ta ƙarshen ma mutanen jirgin ne da kansu, ko sunana ba su sani ba. Shekara goma sha ɗaya, ko ruwan jirgin nan ban taɓa sha ba."

"To me ya sa ka ce mata an gama?"

"Kai da ka yi shekara arba'in da ita, sau nawa ka ce mata a'a?"

Telo ya yi tunani da gaske. "Sau ɗaya. Ba ta ji ba."

"To ka gani."

"Zo ka gaya mata yanzu. Ni ba za ta ji daga bakina ba, amma kai ma'aikacin tasha ne. In mun fita goma da rabi za mu sami mota."

Nicanor ya ja wandonsa sama, ya gyara hula. "Mu je. Gaskiya ai ba ta kisa. Zan faɗa mata ƙiri-ƙiri, ka zuba ido."

A hanya ya maimaita jawabin sau biyu, kuma ya yi kyau.

"Ga babban jami'in tasha," in ji Herminia da ta hango su. "Ondina, ba shi kujerar mai hannu. Kompadre, ka karya kuwa? Ba ka karya ba, fuskarka ta nuna."

Kafin ya buɗe baki faranti yana kan cinyarsa, agada da soyayyen cuku da tsiran alade da albasa a sama. Casilda, wadda ta fita takaba bara, ta cire gilashinta ta dube shi.

"Don Nicanor, ashe kai ne mai riƙe da mabuɗin wurin nan duka, kake wuce mu shiru-shiru? Minia ta ce ko kyaftin sai ya gaishe ka."

"To, ba kullum ba," in ji Nicanor.

"Kompadre yana da magana," in ji Telo. "Game da Talata."

Mata uku suka zuba masa ido. Nicanor ya tauna, ya haɗiye, ya dubi Telo, ya dubi cukun, ya dubi Casilda.

"Maganar ita ce," ya ce, "ku zo da wuri. Kafin tara. Saboda cunkoso."

"Ka ji mai aiki da hankali," in ji Herminia. "A ƙara masa gahawa."

Goma da minti goma. Telo ya shiga ɗaki, ya ce, "Minia, zo." Bai ɗaga murya ba, amma ya faɗa da wata irin murya da ta sa ta ajiye buta ta biyo shi, malafar tana gogar ƙofa.

Ya miƙa mata littafin a buɗe, shafi na farko, layin da ya ja wa fensir har takardar ta kusa hujewa.

"Nicanor sanda yake ɗagawa," ya ce. "Shi ya gaya mini yanzu. Ranar Talata za ki je da ganga da baro, na'ura ta yi ƙara, wani yaron jirgi da bai kai Yudelka ba ya ce ki koma. A gaban Casilda. A gaban kasuwa duka."

Ba ta karɓi littafin ba. Ta cire gilashin.

"Ka ɗauka ban iya karatu ba ne, Telo?"

Ya sauke hannunsa da littafin.

"Shekara ashirin da biyu ina tsaye a bakin ƙofar nan. Kitso, madam, kitso, madam. Yatsuna sun kanannaɗe. Suna wuce ni, suna shiga, ƙofa tana rufewa. Yanzu Allah ya kawo nawa, sai in tafi wani gari in shiga a ɓoye kamar wadda ta yi sata? Wa ya san ni a La Romana? Wa zai gani?"

"To ji nan," ya ce. Wannan dabarar tun daren jiya yake juya ta a ransa. "In mun shiga yau, jirgin nan ai nan zai zo ranar Talata. Ki sauko ta matakala da malafarki, da katinki a wuya, ki bi ta gaban rumfuna. Ki zauna Ondina ta sayar miki da sarƙa. Da la'asar ki koma ta ƙofar nan, na'ura ta buɗe miki, kowa yana kallo. Ba mai mayar da ke."

Ta zauna a bakin gado. Ya ga idonta ya tafi can, ya ga tana saukowa daga matakalar a ranta, tana gyara malafa. Hannunta har ya kai kan zif ɗin akwati. Agogon bango ya ce goma da minti ashirin. Akwati uku, mota ɗaya ta maƙwabci, minti goma zuwa tashar mota. Zai yiwu.

Sai muryar Ondina ta shigo ta taga.

"Minia, mai akodiyon ya aiko. Ya ce Talata ba zai karɓi ko sisi ba, shi dai a bar shi ya ga ranar. Kuma matan layin kifi sun ce su ma za su rufe su zo."

Herminia ta ɗauke hannunta daga zif ɗin.

"Na riga na ce Talata," ta ce. "Duk kasuwa ta ji."

"Minia."

"In fita yanzu in ce musu me? Na yi kuskure, ku kwashe robobinku? Casilda ta samu abin faɗa har ta mutu? Ni ba a taɓa mayar da ni daga ƙofa ba, Telo. Asibiti ma da suka ce lokacin ziyara ya wuce, ai ka ga yadda aka yi. In na tsaya a gabansu da tikitina a hannu, mutane ɗari a bayana, za su buɗe."

"Ni ina so in je," ya ce.

Ta dube shi kamar kujera ce ta yi magana. Sannan ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ta shafa masa kafaɗa.

"Za ka je mana, tsoho. Talata. Ina za ka je ba tare da ni ba? Kai da ko maganin gwiwarka ba ka san inda yake ba." Ta mayar da gilashinta. "Fito ka riƙe mini kujera, za mu gwada ɗaga hankici."

Ta fita. Ya ji an ja kujerar ƙarfe a kan siminti, ya ji Nicanor yana cewa shi zai riƙe, ai aikinsu ne.

Telo ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Sannan ya jawo tsohuwar jakarsa ta zuwa teku daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ta. Riga uku, wando biyu, rigar cocin da aka goge jiya, reza. Ya buɗe durowa ya ɗauki fasfonsa da tikitinsa. Nata ya ɗora a kan matashinta, ya daidaita su, fasfo a ƙasa, tikiti a sama. Ya nemi maganin gwiwar a durowa biyu, bai gani ba, ya bari.

A tsakar gida Herminia tana tsaye a kan kujera, ta ba ƙofar gida baya, tana fuskantar kejin kaji.

"Ba haka ba," in ji Casilda. "Kamar kina korar ƙuda kike yi. Daga wuyan hannu, a hankali. Kuma kar ki dubi mutum ɗaya, ki dubi sama da kawunanmu."

"Haka?"

"Yawwa. Ondina, yi kuka mu gani ko zai dace."

Nicanor ne kaɗai ya gan shi. Ya dubi jakar, ya dubi takalman coci da ke ƙafar Telo, bakinsa ya ɗan buɗe. Sannan ya ƙara riƙe kujerar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana duba ƙafafunta ko suna daidai.

Telo ya ɗaga sakatar ƙofar a hankali don kar ta yi ƙara, ya mayar da ita yadda take. A bakin titi wani ɗan acaɓa yana zaune a inuwa. Telo ya ɗaga masa hannu, ya rungume jakar a ƙirji, ya ɗaga ƙafar da ta fi ciwo da hannunsa ya haye. A bayansa, ta saman katanga, farin hankici yana ta kaɗawa.